Buhu Biyu na Ganyen Bagaruwa

Shekaranjiya maƙwabciyata Hajiya Mariama ta shigo da ɗan buhu, ta zazzage shi a gabana. Wai ganye ta sayo wa tunkiyarta a bakin kasuwar dabbobi, mai sayarwa ya rantse mata kandili ne zalla. Zafin bana ya sa harawa ta yi wuya, kowa ya koma neman ganyen itatuwan ƙaya. Na ɗauki ɗaya na ɗaga shi wajen haske, na ƙirga, na ce mata ta riƙa ba da shi kaɗan-kaɗan tana gaurayawa da dusa, don rabinsa bagaruwa ce. Ta riƙe baki, wai ni da ko kaza ba na kiwo ina na san wannan. Na ce mata da can na yi kiwo. Ta kwashe kayanta ta tafi, ta bar ni da ganye guda a hannu, an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, ɗaki ya yi zafi, hankalina kuwa ya koma wata bazara ta kusan shekara arba'in da suka wuce.

Ni 'yar Madawa ce, Rabi sunana. Fataucin albasa ya kawo mahaifina Agadas, nan na girma, nan aka yi mini aure a tsohon gari. Maigidana, Allah ya jiƙansa, shofer ne, direban babbar mota a hanyar Dirku, in ya tafi sai a yi wata biyu ba a gan shi ba. A gidan mu uku ne: ni, da ɗana Sidi mai wata takwas, da uwar mijina Inna Azara, majemiya ce da duk unguwa ta san hannunta a fata. Sai akuya ɗaya, Kyalla, wadda ta rage cikin bakwai.

Damina biyu a jere ruwa bai yi abin kirki ba. Telwa, ƙoramar da ke arewa da gari, ko sau ɗaya ba ta kawo ruwa ba a shekarar. Buzaye da dabbobinsu suka mutu sun zo sun kafa bukkokin tabarma a gefen gari. Hatsin da ake rabawa wata jar dawa ce mai taurin kai, ka daka ta har kafaɗarka ta sage, tuwonta kuma in ya kwana sai ya zama kamar ɓawon tukunya. Kayan lambun Timiya da muka saba gani a kasuwa sun ɗauke. Ga azumi ya faɗo a tsakiyar bazara, irin zafin da in ka ajiye kwano a tsakar gida sai ka sa tsumma kafin ka ɗauka.

Ana saura 'yan kwanaki a kama azumi na yi zazzaɓi mai tsanani. Na tashi, amma nonona bai tashi tare da ni ba, ya ƙafe ƙaf. Muka gwada wa Sidi garin madarar da ake rabawa, ya yi zawo har idonsa ya faɗa. Nonon Kyalla kaɗai cikinsa ya karɓa. Finjalin shayi uku da safe, biyu da yamma, a kansu ran yaron nan yake, kuma duk gidan mun san haka. Ita Kyalla kuwa ba ta da abin ci sai abin da muka ɗauko a ka daga daji.

Kullum haka muke yi. Mu yi sahur da ɗan tuwon dawa da ruwa mai yawa, mu yi sallah, in tatsi akuya in tafasa nonon in ba yaro. In je pompo in bi jerin tuluna in samo biyu. Kafin rana ta ɗaga mun fita: ni da buhu da tsohuwar tabarma, Inna da Sidi a bayanta da doguwar ƙugiyarta a hannu tana dogarawa. Ba a sare reshe, wannan doka ce a wurin Inna, ko ta ga wani yana sara sai ta tsaya ta wanke shi tas. Shimfiɗa tabarma ake yi a gindin itace, a saƙala ƙugiya a reshe a girgiza, ganye ya zubo, a tsince ƙaya, a ɗura a buhu. Ni ce a gaba kullum. Inna ta ce tafiyata ta 'yan kudu ce, in ta bar ni a baya sai a neme ni a rasa.

A idona a lokacin, duk itatuwan nan abu ɗaya ne: ƙaya. A garinmu da 'ya'ya ake gane su, to shekarar nan ina 'ya'yan? Ba fure, ba komai, sai ɗan ganye a can sama inda raƙumi bai kai ba. Da mun iso gindin itace Inna za ta tsaya a inuwa tana jijjiga Sidi ta ce:

"Tsinko guda, 'yar Madawa. Yatsu nawa gare shi?"

Yatsu take kiran 'yan siraran rassan nan da ke fita daga jijiyar ganye biyu-biyu, kowanne ɗauke da ƙananan ganyayyaki a jere. In ƙirga in faɗa. Ta ce launinsa fa? In faɗa. Ta ce ƙayar fa, miƙaƙƙiya ce ko mai lanƙwasa? Sai na gama amsa duka sannan ta ce, "To, wane icce ne?" In na yi kuskure ta yi tsaki, ta juya kai wajen goyonta ta ce, "Ka ji uwarka, angona? Ita da za ta ciyar da mu." In na faɗa daidai ba ta yabo, sai dai ta miƙo ƙugiya.

A haka na koya, ina ƙunƙuni. Tamat, wadda ke fita a dunƙule daga ƙasa ba gindi ɗaya ba, yatsu biyu gare ta, in ta yi arziki huɗu, ƙayarta ma ta fi ganyen tsawo. Akuya na son ta, amma sai ka wuni ba ka cika ƙwarya ba. Kandili yatsu shida ne zuwa goma, ganyen sumul ba gashi, ƙayarsa iri biyu, doguwa fara da gajera mai kama zane. Shi muke nema, shi ne tuwon Kyalla. Gawo ganyensa toka-toka ne kamar an barbaɗa masa gari, ya fi kowanne sa nono, sai dai na kusa duk an gama da su, sauran suna can sama wajen garake, wato lambunan bakin Telwa, tafiyar da ba a yi da goyo. Sai bagaruwa. Ita ce mai kyan gani, kore mai duhu, yatsunta sun wuce goma, da ɗan gashi-gashi a jijiya. A kanta Inna ta fi tsanantawa, don da 'ya'yan bagaruwa ta yi jima duk rayuwarta.

"Tahin hannu ɗaya cikin buhu, ba ƙari," in ji ta. "Abin da takan yi ma fata cikin kwatarniya, shi za ta yi ma hanjin dabbar da ba ta ci komi ba. Ɗaure shi za ta yi."

Gaskiya tambayoyin nan sun ishe ni. Ina ganin itacen da muka girgiza jiya ma sai ta sa na sake ƙirgawa yau. Na ɗauka tsabar mulki ne irin na uwar miji, tana so ta nuna mini ban san komai ba. Ga ƙishirwa, leɓena ya tsage, harshe ya yi nauyi, a ce kuma sai na tsaya lissafi a rana. Sau nawa na ce a raina, tsohuwar nan tana kallon itacen da idonta, me zai hana ta faɗa kawai mu wuce?

Ranar sha bakwai ga azumi iska ta tsaya cak tun safe. Mun yi tafiya mai nisa a cikin rairayin Telwa, duk kandilin da muka sani an riga mu, tabarma ko rufuwa ba ta yi. A kan hanyar komawa, a wani lungu da ƙoramar ta yi gwiwa, na hango itace guda cike da ganye, kore shar, ba wanda ya taɓa shi. Ban tsaya na tambayi kaina dalilin da duk masu ƙugiyar garin nan suka bar shi ba. Muka isa, Inna ta shiga inuwa ta ce in tsinko. Na tsinko na ƙirga. Goma sha huɗu. Na ga duhun korensa, na ji gashin a yatsana. Na sani sarai.

"Takwas," na ce.

"Ƙayar fa?"

"Iri biyu, Inna. Kandili ne."

Na faɗa ina jiran tsaki, har na shirya abin da zan mayar. Ta ɗan ɗaga kai wajen itacen, sannan ta miƙo ƙugiya ta ce, "Alhamdu lillahi. Karkaɗo da yawa, mu huta gobe." Wallahi daɗi na ji. Na ce ashe ita ma ta gaji, ashe dokar nan duk baki ce, yau ta ga ganye ta kau da kai. Na cika buhuna, na kwance mayafina na ƙulle wani, da muka iso gida na juye shi a buhu na biyu. Kwana biyu ba mu fita ba. Na kwanta a zaure inda ƙasa ke da ɗan sanyi, na yi barcin da rabona da shi tun kafin haihuwa. Kyalla kuwa yunwa ta sa ta ci, ta ci, ta ƙara.

A rana ta uku da safe na tatsa na samu finjali ɗaya da rabi. Da yamma ko rabi bai cika ba. Akuyar ta tsaya a kusurwa ta sunkuyar da kai, ta daina tuƙa, cikinta ya yi tauri, hantsarta ta motse. Sidi ya tsotse abin da aka ba shi ya shiga kuka, irin kukan da ke shiga har cikin haƙori. Na san abin da na yi, amma bakina ya ƙi buɗuwa.

Aka kira magariba. Muka buɗe baki da dabinon Fachi guda-guda da ruwan randa. Inna ba ta taɓa kununta ba, ta ce in kawo mata buhun. Ta zura hannu ta ɗebo, ta murza, amma yatsunta ruwan jima ya cinye su tuntuni, ba sa jin ƙaramin abu. Sai ta jefa a baki ta tauna. Na ga fuskarta ta yamutse da baurin. Ta tofar a hankali, ta goge baki da gefen zane.

"Yatsu nawa kika ƙirga, Rabi?"

Ranar ce ta fara kiran sunana.

"Sha huɗu."

"Kika ce takwas."

Na fashe da kuka na ce ai tana wurin, ai ta ga itacen, me ya sa ba ta hana ni ba? Ta juyo da fuskarta wajena, idon nan nata rangaɗau da kwalli kamar kullum, amma ba a kaina ya sauka ba, ɗan gefe ya sauka, wajen randa.

"Ban gani ba," ta ce. "Tun sanyin bara ba ni ganin ganye. Icce inuwa ce baƙa gare ni, ke ma haka. Da ba azumi ba da na tauna tun a can. Ke ce idona, ɗiyata. Na zaci kin gane."

Ban gane ba, Allah shi ne shaida. Wata da watanni ina fushi da jarrabawa, ashe ba jarrabawa ba ce, tambaya ce ta wanda bai sani ba. Ta bar jima ta ce fatun bana ba su da kyau, na yarda. Tana sa ni gaba tana bin farin mayafina, na ɗauka tsiya ce. Ta ɓoye ne don ta san ɗanta, ranar da ya ji, ranar za ta yi sallama da daji da kasuwa, ta koma ɗaki a riƙa kawo mata abinci. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ba ta bar ni na yi kukan ya ishe ni ba. Ta ce kuka ba ya kwance hanji, in tashi. Muka jiƙa kanwa, muka zuba ɗan man gyaɗan da ya rage mana na miya, ta riƙe kan Kyalla tsakanin gwiwoyinta ni na ɗura. Ta bi cikin akuyar da tafin hannu tana murzawa tana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Ta fasa ɗan guntun kantun gishiri ta ajiye mata ta lasa. Sannan ta ce gawo kaɗai zai maido da nono, kuma ita ba za ta iya kai wa can ba.

Da aka yi sallar asuba na fita ni kaɗai da ƙugiyarta. Na bi Telwa sama har hasumiyar masallaci ta ɓace a bayana. Rairayi ya fara cin ƙafa ta cikin takalmi. Duk itacen da na wuce sai na tsinko na ƙirga da ƙarfi, ba mai ji, amma na ƙirga. Wajen hantsi na iso garake, rijiyoyinsu duk sun yi ƙasa, na ga manyan itatuwa masu farin reshe. Na tsinko. Toka-toka. Na zauna a gindin na yi hamdala kafin na shimfiɗa tabarma. Na dawo bayan azahar, idona yana ganin duhu-duhu, ban san yadda ƙafata ta kawo ni ba.

Kwana biyar ina wannan tafiya. A gida Inna tana ɗiga wa Sidi ruwan dabino da tsararon kunu da cokali, wani ya zauna wani ya dawo. Wata Buzuwa daga cikin masu bukkoki, wadda Inna ta taɓa jeme wa fata, ta kawo finjali ɗaya na nonon akuyarta sau biyu, alhali ita ma da 'ya'ya. A rana ta uku yaron ya daina kuka. Wanda bai yi goyo ba zai ce sauƙi ne. Kwance kawai yake, maɗigarsa ta faɗa, yana bin mu da ido. Inna ba ta gani, amma tana ɗora hannu a kansa ta ji, sai ta ce, "Angona, kada ka yi mini haka, ban shirya takaba ba."

A rana ta huɗu Kyalla ta yi kashi, baƙi, busasshe. Ban taɓa zaton zan yi murna da kashin akuya ba, amma har guɗa na so yi. Ta fara tuƙa. Da yammacin rana ta biyar na durƙusa na ja hantsa, na ji ɗumi a hannuna. Rabin finjali. Na tafasa, na hura, na ɗiga masa. Ya haɗiye, ya buɗe baki yana neman ƙari, da bai samu ba ya tsala ihu. Inna ta yi dariya har da hawaye ta ce, "Yauwa, zage mu, mun ji."

Ana jibi sallah maigida ya dawo, fuskarsa duk ta ƙone da rana. Ya ɗauki ɗansa ya ji ba nauyi, ya dube mu. Sai idonsa ya faɗa kan buhu na biyu da na manta a bayan randa. Ɗan majemiya ne, ko taunawa bai yi ba, kallo ɗaya ya yi wa ganyen. Mutum ne mai haƙuri, amma a kan yaron nan ban san abin da zai iya yi ba.

"Wa ya ba akuya bagaruwa a gidan nan?"

Na buɗe baki. Inna ta riga ni.

"Ni ce. Ni na nuna iccen, ni na ce a karkaɗo. Yarinya ta ce mini ba shi ba ne, na ce ta rufe mini baki." Ta gyara zama. "Idona ya tahi, tun bara. Na ɓoye maka. In faɗa za ka yi, ga ni. Ita kuwa kwana biyar tana zuwa garake da azumi a bakinta, ita ta maido maka ɗanka."

Ya durƙusa a gabanta ya kaɗa hannu kusa da fuskarta. Ba ta ƙifta ba sai da iskar ta taɓa ta. Bai yi faɗa ba. Ya tashi ya ɗauki ƙugiyar ya soke ta a rufin zaure, ya ce daga yau Inna ko ƙofar gida ba za ta fita ba sai da mai riƙe mata hannu. Abin da take gudu ke nan, kuma ita ta kira shi da bakinta.

Bayan sallah da 'yan makonni hadari ya haɗu ta gabas. Iska ta fara kawo ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa tun kafin ɗigo ya sauka, sannan ruwa ya zuba, indararo ya yi ta ambaliya, muka jera duk abin da ke riƙe ruwa a tsakar gida. Washegari aka yi ta shela Telwa ta zo. Gari ya fashe, yara da manya, kowa ya tafi ya ga jan ruwan nan yana tafe da kumfa da karmami. Inna ba ta taɓa fashin zuwa ba tun tana yarinya. Ranar tana zaune a bakin ɗakinta, ta juya kunne wajen hayaniyar. Na zo na zauna kusa da ita, na ce ba zan iya ba, yau zan gaya wa maigida gaskiya. Ta lalubo hannuna ta riƙe gam.

"Ki gaya mishi mi? Ni idona ya riga ya tahi, ko yau ko gobe sai an sani. Ke kuwa zama za ki yi da shi har tsuhwa. Tashi ki tatso ma angona nono, rana ta yi."

Ta ƙara shekara shida a ɗakin nan, ba ta sake tada zancen ba ko da wasa. Sidi yanzu shi ma da furfura a gemu da 'ya'ya biyar. Ni da mahaifinsa mun yi shekara talatin da ɗoriya tare, kuma har ya koma ga Allah, in aka tuna wannan bazara a gaban baƙi, sai ya nuna ni ya ce ga wadda ta ceci ɗansa. Ni kuwa in sunkuyar da kai, shi yana ɗauka kawaici ne.